Kafin Birki Ya Tsinke: Iskar da Ke Tsayar da Gingimari a Hanyar Magarya

Da sallame sallar asuba, direban gingimari yakan tada inji amma ba ya sa giya. Yakan zauna a kan mota ya zuba wa wata allura ido tana hawa a hankali, yaronsa kuma ya durƙusa ƙarƙashin bodi ya ja wani ɗan zobe da ke rataye a gindin tulun ƙarfe. Iska ta feso da ƙarfi, ta fito da ruwa-ruwa gauraye da baƙin mai. Bayan ɗan lokaci sai a ji wata ƙara kamar atishawa daga gefen injin, alamar tulu ya cika.

"Maigida, ta cika," in ji yaron, sannan ya zare waigi daga ƙarƙashin taya.

Mai wucewa zai ɗauka ɗumama inji kawai ake yi. A gaskiya birkin ake tarawa, domin babbar mota ba ta da birkin tafiya sai ta tara iska.

Kwaya ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram, ƙasar noma da kiwo da ke kusa da iyakar Najeriya. Babbar hanyar yankin, wato hanyar ƙasa mai lamba 11, ta taso daga Agadas ta ratsa Tanut da Damagaram da Magarya, ta tsallaka iyaka ta Tinkim zuwa Babban Mutum, daga nan a nufi Kano. Ta nan wake da riɗi da gyaɗa da rake ke fita, ta nan siminti da kayan masarufi ke shigowa. Daga ɓangaren Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Magarya, ana kai shanu da raguna kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram cikin Nuwamban 2011, tankokin mai ma sun ƙaru a kan hanyoyin jihar. Samarin Kwaya da ƙauyukan kewaye da suka shiga sana'ar mota, yawancinsu daga yaron mota suke farawa: wankin mota, ɗaure tamfol, sa waigi, sai a hankali a ba su sitiyari. Abin da ya kamata su fi riƙewa a wannan makaranta ta kan hanya shi ne yadda iska ke tsayar da tan arba'in.

Asalin dabarar daga jirgin ƙasa ta fito. A 1869 wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ya yi rajistar birkin da ke aiki da matsattsiyar iska, domin kafin nan mutane ne ke bin rufin taragai suna murɗa birki ɗaya bayan ɗaya. Ƙirar farko tana da babban aibi: idan tiyo ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. A 1872 ya juya lamarin, ya zamana idan iskar layi ta zube, birki ya kama da kansa. A Jamus, kamfanin da Georg Knorr ya kafa a birnin Balin a 1905 ya kai wannan fasaha ga manyan motoci cikin shekarun 1920. DAF da Mercedes da MAN da Renault da Howo da ke bin hanyar Magarya a yau duk jikokin wannan tunani ne.

Me ya sa ba a yi wa gingimari birkin mai irin na ƙaramar mota ba? Ƙafar mutum ba ta da ƙarfin da zai matse tayoyi goma sha takwas. Sannan tirela ana cire ta a sake haɗawa, tiyon iska kuwa ana ɓalle shi a maƙala cikin minti guda ba tare da an zubar da komai ba. Iska kuma ba a sayen ta, injin ne ke tara ta muddin yana juyawa.

Tafiyar iskar tana da tsari. Kwamfuresa da ke jikin injin ne ke zuƙo ta ya matse. Daga nan ta bi ta cikin wata tukunya mai tsotse danshi, ta shiga tulunan ajiya. Akwai na'urar da ke tsayar da cikawa idan tulu ya kai iyakarsa, ta kuma sake tada shi idan ya ragu. Ita ce mai atishawar nan. A motocin Turai matsin yakan kai tsakanin bar 8 da 12 gwargwadon ƙirar mota, direbobi da yawa kuwa "kilo" suke ce wa wannan ma'auni. Idan direba ya taka birki, ƙofa kawai ya buɗe. Iska ta ruga cikin tiyo zuwa wasu ƙananan tukwane da ke kusa da kowace taya, ta tura sanda, sandar ta murɗa wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu, shi kuma ya buɗe takalman birki su danne cikin ganga. An raba hanyar gida biyu, ta gaba da ta baya, domin idan ɗaya ta fashe ɗayar ta rage. Shi ya sa agogon iska ke da allura biyu, ko kuma a ga agogo biyu. Tsakanin kan mota da tirela akwai tiyo biyu: a tsarin Turai, ja shi ke cika tulun tirela, rawaya kuma shi ke kai umarnin birki. A Amurka shuɗi ne a madadin rawaya.

A tukwanen ƙafafun baya akwai wani ɗaki na biyu mai ɗauke da ƙaton sifirin. Iska ce ke danne shi yayin da mota ke tafiya. Idan direba ya ja birkin ajiye mota, iskar ɗakin ya saki, sifirin ya miƙe ya kama taya. Haka ma idan tiyo ya fashe iska ta zube ƙasa ƙwarai, sifirin zai kama da kansa. Wannan shi ne dalilin da ya sa motar da ta kwana ba iska ba ta motsawa da safe. Akwai wani ƙusa da makanikai ke murɗawa su janye sifirin domin a ja motar da ta lalace zuwa gareji. Direban da ya ɗaure sifirin da wannan ƙusa don kada yoyon iska ya tsayar da shi a hanya, ya cire wa kansa mataimakin ƙarshe. Buɗe wannan tukunya da guduma kuwa ya sha raunata mutane, saboda ƙarfin da ke naɗe a ciki.

To idan an ƙera birkin ya kama da kansa, yaya ake yawan jin "birki ya tsinke"?

Mafi yawan lokuta iska tana nan, zafi ne ya ci birkin. Mota mai nauyin tan 40 da ke gudun kilomita 80 a awa, idan aka tsayar da ita tsayawa ɗaya, zafin da gangunan za su sha ya isa ya kai kusan lita 30 na ruwa ga tafasa. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Ganga idan ta yi zafi sai ta buɗe, takalmi ya yi santsi, direba ya taka har ƙasa amma mota ta ƙi tsayawa. Ƙasar Magarya shimfiɗaɗɗiya ce, yaron da ya koyi tuƙi tsakanin Bande da Tinkim bai taɓa ganin gangara mai tsawo ba. Amma farminsa, wato lasisinsa na tuƙi, zai kai shi Hawan Kibo a jihar Filato, inda manyan motoci suka sha kifewa. A irin wannan wuri ana zaɓen ƙaramar giya tun kafin a fara gangarawa, a bar injin da birkin salansa su riƙe motar, birkin ƙafa kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki ya huce. Sa mota a firi don tsimin gas shi ne mafi munin kuskure: injin ya daina riƙewa, kwamfuresa kuma ya rage tara iska a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Sai saitin birki. Takalmi yana cinyewa, tazarar da sanda ke tafiya tana ƙaruwa, har ta kai inda sandar za ta ƙure ba ta danne ganga sosai ba. Littattafan koyar da direbobi a Amurka sun ce idan aka ja hannun saitin da sandar ke turawa da hannu ya motsa fiye da inci ɗaya, wato kusan santimita 2.5, to yana neman gyara. Idan ƙafa biyu ko uku sun saki, sauran ne ke ɗaukar aikin, su ne kuma za su fara ƙonewa.

Yanayin yankin ma yana da nasa rabon. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska ta cinye kwamfuresa. Zafin bazara, da ke haura digiri 40, yana busar da tiyo da robobi su tsattsage. Da damina danshi ke taruwa a tulu, ya rage wa iska wuri ya kuma sa tsatsa a bawuloli. Zoben nan da yaron mota ke ja da asuba maganin wannan ne, kuma idan ya ga mai ya yi yawa a abin da ya fito, kwamfuresa ne ke sanar da cewa ya gaji.

Ga kuma lodi. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da ta shafa, ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda, da tan 51 a matsayin iyakar nauyin babbar tirela ta kayan yau da kullum. Ana yawan kallon dokar a matsayin kariya ga kwalta, amma birki ma don wani nauyi aka ƙera shi. Kowane buhun da aka ɗora bayan an wuce ƙa'ida yana ƙara tsawon filin da mota ke buƙata kafin ta tsaya. A kan wannan akwai jinkirin da iska ke yi kafin ta isa ƙafafun tirela, kusan rabin daƙiƙa. A gudun kilomita 80, rabin daƙiƙa mita 11 ne, kuma a ranar kasuwa, tsakanin amalanken shanu da 'yan kabu-kabu da yara masu talla, mita 11 fili ne mai ɗauke da rayuka.

An ga sakamakon a wurare daban-daban. Ranar 28 ga Yunin 2018, wata tankar fetur ta ƙwace a gadar Otedola da ke Legas ta kama wuta, motoci fiye da 50 suka ƙone, mutane aƙalla 9 suka rasu, hukumomi kuma suka danganta lamarin da matsalar birki. A Kanada, a daren wayewar garin 6 ga Yulin 2013, an bar jirgin ƙasa mai ɗauke da ɗanyen mai a kan gangara, aka kashe injin da ke ba shi iska, birkin hannun da aka ɗaura bai isa ba. Iskar ta zurare a hankali, jirgin ya gangara cikin garin Lac-Mégantic, mutum 47 suka mutu. Darasin ya shafi duk direban da ke ajiye tirela ya dogara da iskar da ta rage a tulu ba tare da waigi ba.

Amurka ta mayar da wannan ilimi sharaɗin lasisi. Dokar 1986 ce ta kafa lasisin direbobin manyan motoci na bai-ɗaya, ya zama tilas daga Afrilun 1992. Wanda bai ci jarrabawar birkin iska ba, ana buga masa alama a lasisi cewa ba zai tuƙa motar da ke da shi ba. A ranar gwaji, mai neman lasisi yakan nuna da hannunsa: ya kashe inji ya danne birki minti ɗaya, iskar tirela kada ta ragu fiye da kusan kashi uku cikin goma na bar, ya yi ta taka birki har fitila da ƙararrawar gargaɗi su tashi, wajen bar 4, ya ci gaba har sifirin ya kama, sannan ya tada inji ya ga saurin da allura ke hawa. Duk wannan bai kai minti goma ba.

A Nijar, farmi C ne na babbar motar kaya, E kuma na mai jan tirela. A Najeriya rukunin G ne na tirela, ƙarƙashin kulawar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa a 1988. Nijar tana da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya, akwai kuma bizit, wato duba lafiyar mota da ake yi lokaci-lokaci. Sai dai bizit na rana guda ne, tiyo kuwa kowace rana yana iya tsagewa. Darussan farmi da Faransanci aka rubuta su, saurayin Kwaya da ya yi karatun allo ya kuma shekara biyar a bayan mota da Hausa yake tunani, da Hausa kuma maigidansa ya koya masa abin da ya sani. Idan maigidan mai matse ƙarfe ne a kan tiyon da ke yoyo, ko mai cire wayar ƙararrawa don ta dame shi, haka yaron zai gada.

Gyaran bai fi ƙarfin yankin ba. Ƙungiyoyin direbobi da ke tashoshin Magarya da Dungas suna iya ware safiya guda a wata, tsohon direba da bakanike su tsaya gaban mota su nuna wa yara gwajin nan na minti goma. Gidajen rediyon karkara suna iya karanta shi da Hausa. Masu gwajin farmi C da E suna iya cewa mai nema ya durƙusa ya zubar da ruwan tulu, ya faɗi matsin da ƙararrawa ke tashi a kai, kafin a bar shi ya taɓa giya. Masu motoci kuma su ne za su amince direba ya kwana a hanya saboda tiyo ɗaya ba tare da an zaftare masa kuɗin tafiya ba. A ranar Laraba da dare, lokacin da ake loda shanun da za su wayi gari a Maigatari, yaron da ya ji iska na tsiyaya a ƙarƙashin tirela yana buƙatar sanin abin da ƙarar ke nufi, yana kuma buƙatar maigidan da zai kashe inji ya sauko da tocila idan ya gaya masa.