Saba 300, ma'aikaci ɗaya: yadda ake ƙirga kayan cikin kwamfutoci ba tare da tashi daga kujera ba

Duk hoton da ka ɗora a Facebook ko bidiyon da kika kalla a TikTok, yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Irin waɗannan kwamfutoci jere suke a cibiyoyin adana bayanai, kuma dole wani ya san abin da ke cikin kowacce: girman RAM ɗinta, irin furosesarta, lambar shaidarta, da lafiyar faifan ajiyarta.

Mu yi lissafi. A ce saba 300 ce, kowacce ta ci maka minti biyar, ka ga awa 25 ke nan. Wa zai iya wannan duk mako?

Shi ya sa masu aikin ke rubuta sikirif, wato ƴan layukan umarni da kwamfuta ke bi da kanta. A Linux, lscpu na faɗin irin furosesa, free na nuna RAM, lsblk na jero faifai, dmidecode na fito da lambar shaida, smartctl kuma na gano faifan da ya fara ciwo. Sikirif ɗin zai bi jerin sunayen sabobin, ya shiga kowacce ta SSH, ya tattaro amsoshin a takarda guda. Sai a kwatanta da na makon jiya. Faifan da ke shirin mutuwa ko RAM da ta ragu, nan take za a gani.

Manhajar Ansible, wadda ta fito a 2012 kuma Red Hat ya saya a 2015, ta ƙara sauƙaƙa aikin.

Amma fa akwai haɗari. Kuskure ɗaya a sikirif, kuskure ne sau 300. A watan Fabrairun 2017, wani ma'aikacin Amazon ya shigar da umarni ba daidai ba, ya sauke sabobi fiye da yadda aka nufa, shafuka da dama suka tsaya na kusan awa huɗu. Don haka ƙa'idar ita ce: sikirif ɗin ƙirga ya duba kawai, kada ya taɓa komai, a gwada shi a saba ɗaya tukuna, kuma kada a rubuta kalmar sirri a cikinsa, a yi amfani da makullin SSH.

Mai son koyo ba ya buƙatar cibiya. Tsohuwar laftof, Ubuntu kyauta, da sabobin gwaji biyu a VirtualBox sun isa a fara.