Majigin Bom Ɗin Reggane Da Ƙurar Da Ta Nufo Kudu

A shekarar 2009 wani mai shirya majigi, Djamel Ouahab, ɗan asalin Aljeriya, ya fitar da wani hoto da harshen Faransanci mai suna "Gerboise Bleue", watau shuɗin ɓeran hamada. Wannan shi ne laƙabin da Faransawa suka yi wa bom ɗin atom nasu na farko, wanda suka fasa ran 13 ga Fabrairu 1960 a Hamudiya, kudu da garin Reggane, cikin Sahara. Majigin ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutanen da abin ya faɗa wa su ne ke magana da bakinsu, tsofaffin sojan Faransa da Buzaye da sauran mazauna wurin.

Kada mai karatu a Sakkwato ya ce ina ruwanmu. Daga nan zuwa Reggane kimanin mil dubu ne kawai. Kuma garin yana gefen kudu na ƙasar Tawat, inda kabarin Shehu Magili yake, malamin nan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta kafa hujja da maganganunsa cikin littattafansa. Ashe a maƙwabtan malaminmu aka yi gwajin.

An ɗora bom ɗin bisa hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100. Ƙarfinsa kilotan 70, watau ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Rairayin wurin ya narke, ya daskare baƙi ƙirin kamar fasasshen kwalba. Aka sake fasa uku a sarari kafin ƙarshen Afrilu 1961, sa'an nan aka koma cikin dutse a In Ekker, arewa da Tamanrasset, aka fasa 13 zuwa 1966. Ran 1 ga Mayu 1962 toshiyar ramin ta balle, gajimaren guba ya fito ya rufe soja da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo.

Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai cikin majigin nan shi ne fuskokin tsofaffin. Wanda ya shiga soja yana saurayi, ga shi ya tsufa da sankara, yana neman gwamnatinsa ta yarda cewa aikin da ta sa shi ne ya jawo masa ciwon. Shi ma ke nan, wanda ke da lambar soja da takardar asibiti. Ina ga makiyayi da manomin dabino, waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu, ba kuwa wanda ya auna jininsu kafin gwajin ko bayansa? Gubar atom ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jiki ta numfashi da ruwa da nonon dabba, ta kwanta shekaru kafin ta tashi. Da Faransawa za su tashi a 1967 sai suka binne motoci da kayan aiki cikin rairayi, iska ta tone wasu. Mutane suka ga ƙarfe kyauta, suka kwasa, suka yi shinge da rufin ɗaki da shi, don ba a gaya musu ba. A ganina nan ne laifin ya fi muni, gama faɗa wa mutum kada ya taɓa abu ba ya cin ko sisi.

Shugabanninmu na wancan zamani ba su yi shiru ba. Watan Fabrairu lokacin hunturu ne, kowa kuwa ya san daga inda hazo ke zuwa mana. Tun 1959 Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai kukan Nijeriya Landan. Da aka fasa na uku ran 27 ga Disamba 1960, wata uku bayan samun mulkin kai, sai gwamnati ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairu 1961, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama sauka a ƙasar nan. Bayan 'yan watanni aka janye hanin jiragen, domin maƙwabta irin su Nijar da Cadi su ne suka fi jin jiki.

Faransa ta yi ta cewa ba abin tsoro. Sai a 2014 wata jaridar Faris, Le Parisien, ta buga taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa. Ta nuna ƙurar bom na farko ta kai Cadi da Bamako cikin 'yan kwanaki, kafin mako biyu har ta taɓa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa, in ya shimfiɗa taswirar Afirka ta Yamma ya sa yara su nemo waɗannan wurare, za su ga da idonsu inda Lardin Sakkwato ya faɗa tsakaninsu.

Shekara guda bayan fitowar majigin, a Janairu 2010, Faransa ta kafa dokar biyan diyya, wadda ake kira dokar Morin. Sai dai tana bukatar mutum ya kawo shaidar cewa yana wurin a ranakun da aka ƙayyade, kuma ciwonsa na cikin jerin da aka rubuta. Zuwa 2021, cikin mazauna Aljeriya, mutum ɗaya tak aka biya.