Amalanken ƙarfe na tarayya a bakin teku

Yawancin kayan da ke ƙetare teku, kamar yadi da magani da kayan aiki, cikin manyan akwatunan ƙarfe suke tafiya. Sunan akwatin kwantena. Wata tsawonta mita 6, wata mita 12.

Kwantena ba ta da ƙafafu. In an sauke ta daga jirgin ruwa, sai an ɗora ta bisa shasi. Shasi amalanke ne na ƙarfe mai tayoyi, ba shi da inji. Kan mota ne ke jansa, kamar yadda jaki ke jan amalanke.

A ƙasashe da yawa, mai mota shi ke da shasinsa. A Amurka kuwa, da can kowane kamfanin jiragen ruwa yana da nasa. Direba ba ya ɗora kwantenar wannan kamfani bisa shasin wancan. Sai ya ajiye wannan, ya tafi neman wancan. Lokaci ya ɓace, mai ya ƙone, kuɗin direba ya ragu.

Daga 2009, kamfanonin jiragen suka fara sakin wannan aiki, ya koma hannun masu ba da haya. A watan Maris na 2015, kamfanonin haya 3 suka haɗa shasinsu fiye da 80.000 a tashoshin Los Anjalas da Lon Bic, cikin jihar Kalifoniya. Aka ba direba damar ɗaukar wanda ya samu, ya mai da shi a kowace ma'ajiya ta tarayyar. Ana rubuta kwanakin da shasi ya yi a waje, a biya kuɗin haya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma a 2021 kaya suka yi yawa, sito-sito suka cika. Masu kaya suka bar kwantenoni bisa shasi kwana da kwanaki. Shasi ya yi wuya. Wannan na cikin abubuwan da suka sa jirage fiye da 100 suka yi ta jira cikin teku a farkon 2022. Kaya suka makara, kuɗin dako ya hau.

Ke nan tara kaya wuri guda bai isa ba. Ko shasi ne, ko amalanken ƙungiyar manoma, sai an rubuta wanda ya ɗauka, an sa ranar mayarwa, an san mai gyara. Wanda ya riƙe abin tarayya ya wuce lokaci, haƙƙin ɗan'uwansa ya ci.