MOTA MAI KUSA DA ƘASA TANA RAGE SHAN MAI?

Akwai wata magana da ake yawan yi a tashar mota. Wasu direbobi suna cewa in aka rage tsayin mota, cikinta ya matso kusa da ƙasa, ba za ta sha mai da yawa ba. Har wasu samari kan kai motarsu ga makaniki ya yanke resor, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da jikin mota bisa ƙafafunta. Maganar ta shafe mu duka, ko da ba mu da mota. In mota ta sha mai, kuɗin fasinja da na buhun hatsi ne ke ƙaruwa. In ta lalace a daji, mu ne ke kwana can.

To, gaskiya ce ko ƙarya? Akwai gaskiya a ciki, amma ƴar kaɗan ce.

ISKA TANA TARE MOTA

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tabarma a buɗe ranar iskar hunturu ya san iska tana da ƙarfi. Mai keke ma in ya fuskanci iska sai ya sunkuya. Haka mota take. Tana tafiya tana ture iska, kuma mai take sha kafin ta ture ta.

Ku riƙe wannan: in gudun mota ya ninka sau 2, ƙarfin iskar da ke tare ta ninkawa yake sau 4. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana kokawa da iska sau 4 bisa wadda ke gudun kilomita 50.

Bisan mota sumul yake, iska tana zamewa. Ƙarƙashinta kuwa ba haka ba ne. Akwai ƙarafa, da bututun hayaƙi, da tankin mai, da ƙafafu. Iskar da ta shiga nan sai ta yi ta karo da su tana jan mota baya. In mota ta sauko ƙasa, iskar da ke shiga ƙarƙashi tana raguwa, kuma jikin mota yana ɗan rufe tayoyi. Nan ne ribar take.

Masu ƙera motoci sun san haka. Akwai motoci na zamani da ke saukowa da kansu, santimita 1 ko 2, in sun hau babbar hanya suna gudu sosai. In gudu ya ragu sai su koma tsayinsu. Ku lura, ba su saukowa sai ana gudu, kuma bisa kwalta mai kyau. Cikin gari, ko a hanyar ƙauye inda ake tafiyar kilomita 30 ko 40 a awa, iska ba ta da wani ƙarfi. Can nauyi ne da yashi ke cin mai.

MU YI LISSAFI

A ce mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Daga Maradi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Ke nan za ta sha lita 24. A ce ma rage tsayi ya rage mata kashi 2 cikin 100. Ribar ba ta cika rabin lita ba.

Yanzu mu duba hasara. Motar da ta sauko, cikinta ne ke fara dukan dutse, ko tudun da ake yi a bakin gari don rage gudu. A ƙarƙashin inji akwai tukunyar baƙin mai. In ta fashe, man ya zube, direba bai lura ba, inji ya ƙone. Rabin lita nawa za a tara kafin a sayi inji? A cikin yashi kuma cikin motar kan zauna bisa tudun tsakiyar hanya, ƙafafu suna juyawa a banza, fasinja su sauko turi. Da damina kowa ya san halin ƙorama. Bayan haka, in an yanke resor, ƙafafu ba su tsayawa daidai, sai taya ta cinye ta gefe guda.

Ko a Amurka abin ya faru. A shekarar 2013 motoci biyu masu lantarki na kamfanin Tesla, irin masu saukowa da kansu, sun taka ƙarfe bisa babbar hanya suka kama wuta. Sai kamfanin ya ƙara wa motocin tsayi. Mu tuna kuma da Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna. Tsayin cikinta da ƙarfin ƙafafunta na cikin abin da ya sa ta daɗe bisa hanyoyinmu.

SAUKOWAR DA BA TA DA RIBA KO KAƊAN

Ranar kasuwa mukan ga mota ta durƙusa har bayanta na son taɓa ƙasa. Wannan ba rage tsayi ba ne, lodi ne ya fi ƙarfinta. Kowane buhu da aka ƙara, mai ne aka ƙara. Ga shi baya ya sauka, gaba ya ɗaga, iska tana shiga ƙarƙashi fiye da da. Da dare fitilunta sama suke haskawa, suna kashe idon direban da ke tafe. Birki ma ba ya kamawa da wuri.

Kayan da aka tula bisa rufi sun fi komi tare iska. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta nuna cewa babban akwati guda bisa rufin mota yana rage nisan da lita ke kai ta da kashi 6 zuwa 17 cikin 100 a babbar hanya. To, ina ga buhuna da katifa da awaki? Wanda ke neman ragin mai, ya fara duba bisan motarsa kafin ya duba ƙarƙashinta.

Sai kuma taya mai ƙarancin iska. Ita ma tana saukar da mota, amma tana lafewa a ƙasa, inji ya yi ta ja da ƙyar. Gaskiya ne direbobi kan rage iskar taya in za su ratsa yashi mai zurfi, kuma dabara ce mai kyau. Amma da an hau kwalta sai a mayar da iskar. In ba haka ba, taya tana zafi, tana iya fashewa ana cikin gudu. A auna iskar da safe, kafin taya ta yi zafi. Yawan iskar da ya kamata yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direba.