Gigin Tsufa: Abin da Jinyar Kakata Ta Koya Mana

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na lafiyar iyali, inda muka tattauna kan gigin tsufa. Da labarin kakata na buɗe shirin, da shi kuma zan fara a nan, domin na san a cikinku akwai masu irin wannan tsohuwa ko tsoho a gida.

Kakata, wadda muke kira Inna, fura take sayarwa a bakin hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ka miƙa mata naira kana son canji da sefa, kafin ka gama latsa wayarka ta gama lissafi da ka. Mace ce mai raha da ban dariya. Almajiri ba ya wuce ta da ƙoƙo wayam, matan Fulani masu kawo mata nono kuwa wurinta suke barin ajiyar kuɗinsu. Ranar biki ita ce mai guɗa. Ni kuwa "kishiya" take ce mini, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu mata. Duk ranar da na yi sabon kitso sai ta ce na zo ƙwace mata miji.

Abin ya fara ne a hankali. Ta ba mutum canji sau biyu. Ta tambaye ka ko ka ci abinci, ka amsa, bayan ɗan lokaci ta sake tambaya. Ta ɓoye kuɗinta cikin tukunya ta manta, ta ce matar kawuna ce ta sace, har gida ya kusa rabuwa a kan wannan zargi. Mu dai muna cewa tsufa ne. Sai wani dare ta fita ba wanda ya ji. Da asuba aka gan ta a wani ƙauye can gaba, ba takalmi, tana kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu tun kafin a haifi uwata. Samari suka kewaye ta, wasu har sun fara cewa mayya ce. Allah ya kawo wani direba da ya shekara yana shan furarta, ya gane ta, ya sa ta a mota ya maido mana ita. Ba don shi ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ranar ce muka kai ta wurin likita.

Mene ne gigin tsufa?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ido ko na ƙoda. Ƙananan ƙwayoyin da ke riƙe tunani da lissafi da magana su ne ke lalacewa sannu a hankali. Babu maita a ciki, babu sammu, kuma tsohon ba da gangan yake yi ba. Ba kuma kowane tsoho ke yin sa ba. Kun san tsofaffin da suka haura tamanin suna ƙirga muku shanu da sunayensu ba kuskure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke fama da wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzheimer, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayyana shi a 1906. Shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma wanda ke zuwa idan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe ko suka fashe, sau da yawa sanadin hawan jinin da ba a kula da shi ba, ko bayan shanyewar ɓarin jiki.

Za ku ce, to me ya sa Inna ke tuna bikin aurenta amma ba ta tuna ta ci tuwo ɗazu? Kai makiyayi ka fi kowa gane wannan. Sabuwar hanyar da garke ya bi sau ɗaya, damina guda ta isa ciyawa ta rufe ta. Tsohon burtalin da aka shekara ana takawa kuwa yakan daɗe bai ɓace ba. Haka ciwon yake yi, sabon abu yake fara sharewa, na ƙuruciya sai daga baya.

Yadda za ku bambance

Kowa yana mantuwa. Ka manta inda ka jingine sandarka, can ka tuna, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne in mantuwar ta fara ɓata aikin da mutum ya ƙware a kai: ɗan kasuwa ya kasa lissafin da ya saba, tsoho ya ɓace a hanyar masallacin unguwarsu, mace ta rikita girkin da ta shekara arba'in tana yi, ko a kasa sanin safiya ce ko yamma. Hali ma yakan canja. Mai haƙuri ya koma mai faɗa da zargi, mai surutu ya koma shiru. Da yawa kuma rikicewar ta fi tsananta da almuru, shi ya sa mutane ke saurin cewa aljanu ne.

Amma ku riƙe wannan da kyau: gigin tsufa a watanni da shekaru yake shigowa. In tsoho yana lafiya jiya, yau ya wayi gari a ruɗe, ku nemi likita a ranar. Zazzaɓi, ƙishirwa lokacin bazara, ciwon mafitsara, ko hawa da saukar suga duk suna iya ruɗa tsoho, kuma ana maganinsu ya dawo hayyacinsa. In kuka ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun mutu a ɓari guda, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Akwai magani?

Gaskiya ɗaya ce, har yau babu maganin da ke warkar da shi. Duk wanda ya ce ku sayar da saniya ya wanke wa tsohuwa kai, dukiyarku yake so. Duk da haka zuwa likita yana da amfani. Akwai larurorin da ke kama da gigin tsufa alhali suna jin magani, irin su ƙarancin sinadarin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, matsananciyar damuwa, har da rashin ji sosai. Akwai kuma magungunan da ke rage wa wasu alamomin na ɗan lokaci. Ku fara da likita mafi kusa da ku, a kowane ɓangaren iyaka kuke. In da hali za a tura ku gaba, kamar babban asibitin Damagaram ko na Yamai, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Kada ku sayo maganin barci a tebur ku ɗura wa tsoho don ku huta, yana ƙara masa ruɗewa, yana kuma kayar da shi ya karye.

Zama da mai gigin tsufa

Kuskurenmu na farko gardama ne. Inna ta ce maigidanta bai dawo daga kasuwa ba, mu ce ai ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar. Gobe kuma haka. Daga baya muka koyi cewa, "Inna, ba mu labarinsa," sai ta saki fuska ta yi ta zuba. In ta ce an sace mata kuɗi, mu tashi mu taya ta nema.

Kada ku raba tsoho da aiki. Mun hana Inna zama bakin hanya, amma mun bar mata ƙwaryarta da ludayinta. Hannunta bai manta damu ba ko da bakinta ya manta sunayenmu. Ɓarar gyaɗa, tsintar wake, kaɗa nono, duk suna kwantar musu da hankali.

Ku tsare su daga haɗari ba tare da ɗauri ko kulle a ɗaki ba. A rufe bakin rijiya, a kula da wuta, a ɗauke maganin ƙwari da na dabbobi daga inda hannu zai kai. A riƙa miƙa musu ruwa ko ba su nema ba. Da yamma a kunna fitila da wuri. A rubuta lambar waya a ɗinke a jikin riga ko zane, a kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa da mutanen tasha. Ɓoye ciwon don kunya shi ya kusa jawo mana asarar Inna.

Ku makiyaya, ku sani canjin wuri yana ƙara rikita su. In akwai dangi a zaune da tsohon ya saba da su, ku duba yiwuwar barin sa wurinsu lokacin ƙaura. In dole a tafi da shi, a ɗora wa mutum guda alhakinsa a hanya, in an sauka kuma a jera masa tabarmarsa da kayansa yadda ya saba gani.

Ku ƴan kasuwa, da zarar kun ga alama, ku zauna da tsohon tun yana iya bayani, a rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa da ajiyar mutane, gaban shaidu. Mu mun makara, sai da muka sha wahala kafin mu maida wa matan nan masu nono haƙƙinsu. Kada kuma a yarda wani ya lallaɓa shi ya sayar da gona ko dabba.

Sannan ku tuna da mai jinya. Galibi mace guda ake bar wa, ɗiya ko matar ɗa, ita ke rashin barci, ita ke shan zargi. A gidanmu matar kawun nan da Inna ta kira ɓarauniya ita ta yi mata wanka har ƙarshe. Kai da ke kan hanya, aiko kuɗi yana da kyau, amma in ka dawo ka karɓe ta ko kwana biyu ta huta. Game da salla da azumi, ku tambayi malamanku, za su gaya muku cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a tilasta masa.

Mu da muke da sauran ƙarfi

Ana iya rage haɗarin tun yanzu. Ku riƙa auna hawan jini da suga ko ba ku jin ciwo, wanda aka ɗora wa magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage taba, a kiyaye kai daga buguwa, musamman ku masu babur, hular kwano ba ado ba ce. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi a kai shi a duba, kada kuma a bar shi shi kaɗai a bukka ba mai yi masa hira.

Inna ta yi shekara shida da wannan ciwo. A ƙarshe ba ta san sunana ba, in na shiga takan gaishe ni kamar baƙuwa, ta ce a kawo mini fura. Wata rana na je da sabon kitso, ta dube ni ta daɗe, sai ta yi dariya ta ce, "Kishiya, yau kuma wa za ki ƙwace?" Bayan ƴan makonni Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka rigaye mu.

In kun gamu da tsohuwa a hanya ko a tasha tana sambatu, ku zaunar da ita a inuwa, ku ba ta ruwa, ku duba jikin tufafinta ko da lamba, ku kai ta wurin mai gari ko jami'an tsaro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi wannan takarda. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu lafiya.