Kasuwar Jalingo Tana Jiran 'Ya'yanta Da Ke Kudu

Duk wanda ya taɓa sauke doyar Zing ko shinkafar Gassol a kasuwannin Ikko ko Anaca ya san albarkar ƙasar Muri. Amma da wuya ribar ta kwana a Jalingo.

Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa garin a 1893. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama hedkwata. A 2008 kuma aka kafa Jami'ar Jihar. Ofisoshi sun yawaita, cinikin gari ya koma dogaro da albashi. In albashi ya makara, sai mai tebur da tela da mahauci su wuni suna hamma.

Shi kuwa manomi, da kaka yake sayar da shanshera da araha, domin ba shi da wurin ajiya. A kai ta wani gari a casa, a dawo masa da ita da tsada. Da ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Wukari a 2024, sai da fatake suka koma ƙetarawa da jiragen ruwa, kuɗin dako ya hau.

To, gyaran hanya aikin Gwamnati ne. Amma injin casa da sito ba su fi ƙarfin 'yan kasuwa goma da suka haɗa adashi ba. 'Yan'uwa mazauna Kudu, a tuna: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.