Hukuncin Riƙon Karen Hidima ga Baligi Mai Raunin Fahimta

A Amurka da Ingila ana horar da karnuka don taimakon baligai masu raunin fahimta. Karen yakan tuna wa mai shi lokacin shan magani, ya tare shi daga faɗawa titi, har mutumin ya iya zaman kansa. Shin ya halatta Musulmi ya riƙi irinsa?

Hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, amma ya togace karen farauta, na kiwo da na gona. Ibn Abdil Barr ya yi ƙiyasin sauran buƙatu a kan waɗannan. A wurin Malikiyya kuwa, jikin kare da yawunsa tsarkakakku ne. Wanke ƙwarya sau bakwai ta'abbudi ne. Bisa wannan, riƙonsa ya halatta gwargwadon buƙata. Allah ne Mafi sani.